RIGIMAR SABON IRI DA AIKIN DA CALESTOUS JUMA YA BARI

A cikin watan Mayu na 2024 Majalisar Wakilai ta Tarayya ta nemi Gwamnati ta dakatar da baza irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, har sai wani kwamitinta ya gama bincike. Wannan ya zo ne 'yan watanni kaɗan bayan an amince da sabuwar masarar nan TELA, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, kuma kimanin shekara biyar bayan an amince da waken SAMPEA 20-T na wannan cibiya, wanda aka yi domin ya jure wa tsutsar da ke cin furen wake da 'ya'yansa. Masana na Samaru da hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don ta riƙa ba da izni kan irin waɗannan tsirrai, sun dage cewa an yi duk gwajin da doka ta ce. Ƙungiyoyin kare mahalli kuwa, musamman wadda Nnimmo Bassey ke shugabanta, sun ce ba su gamsu ba. Manomi, wanda shi ne zai shuka, da mai abinci wadda ita ce za ta dafa, an bar su suna sauraren kowa a rediyo.

Wanda duk ya bi wannan gardama zai lura da wani abu. An ji ta bakin masanin tsirrai, an ji ta bakin likita da lauya da ɗan siyasa, amma da wuya aka ji wani wanda aikinsa ke nan ya binciki ita kanta gardamar, watau ya gano abin da mutane ke tsoro, da wanda zai ci riba, da wanda zai yi hasara in sabon abu ya zauna. Alhali kuwa akwai fannin ilmi sukutum da aka keɓe don wannan, ana ba da digiri a kansa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yin suna a cikinsa ɗan Afirka ne, marigayi Shehun Malami Calestous Juma na ƙasar Kenya.

Shi wannan fanni ya samo asali ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bom ɗin da aka jefa wa Japan a 1945, da kuma ɓarnar da aka gano magungunan feshi na yi wa tsuntsaye da ruwa, sun sa mutanen Turai da Amurka sun daina ɗauka cewa duk abin da ya fito daga ɗakin gwaji alheri ne zalla. A 1966 Christopher Freeman ya kafa wani sashe a Jami'ar Sussex ta Ingila domin nazarin manufofin kimiyya, inda masana tattalin arziki da injiniyoyi da masana tarihi suka zauna a inuwa ɗaya. Tambayoyinsu masu sauƙin faɗi ne. Wa ke zaɓar abin da za a bincika, kuma da kuɗin wa? Me ya sa na'ura ɗaya ta yi amfani a wannan ƙasa ta mutu a waccan?

A wannan sashe ne Juma ya yi karatu, amma hanyar da ya bi kafin ya kai can ita ce abin da ya kamata ɗalibai su duba. An haife shi a 1953 a yammacin Kenya, a bakin Tafkin Biktoriya. Makarantar horon malamai ya yi, ya kama koyar da yara a Mombasa, yana kuma yawan aika wasiƙu ga jaridar Daily Nation, har a 1978 jaridar ta ɗauke shi wakili mai kula da labaran kimiyya da mahalli. Daga nan ya koma wata cibiyar harkokin mahalli a Nairobi. Bai taɓa yin digiri na farko ba. Jami'ar Sussex ta dubi rubuce-rubucensa ta karɓe shi karatun digiri na biyu, ya zarce har ya sami na dakta a tsakiyar shekarun 1980. Yana da kyau a tambayi kai ko akwai jami'a guda a ƙasar nan da ƙa'idodinta za su bar malamin firamare ya shiga ta wannan ƙofa.

Abin da ya bincika don digirinsa na dakta shi ne yadda ƙasashe masu tasowa suka gwada yin man mota daga rake bayan tsadar man fetur ta shekarun 1970. A Zimbabwe wani kamfanin sukari ya gina masana'antarsa a Triangle, yawancin aikin da hannun ma'aikatan gida da kayan gida, ta kuma fara aiki a 1980. A Kenya kuwa an fara gina wata ƙatuwar masana'anta a Kisumu da injuna masu tsada daga waje, kuɗi suka ƙare, aka bar ta shekara da shekaru tana tsatsa. Ilmin haɗa sinadarin iri ɗaya ne a wuraren biyu. Inda aka bambanta shi ne wa ya yanke shawarar sayen injin, wa ya koyi gyaransa, da kuma abin da masu kwangila suka samu. Ɗan Nijeriya da ya san labarin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka fara ginawa tun 1979, ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Da ya koma gida, a 1988 ya kafa Cibiyar Nazarin Fasaha ta Afirka a Nairobi, wadda aikinta ya taimaka wajen tsara dokar Kenya ta 1989 kan haƙƙin mallakar ƙirƙira. A 1989 ne kuma ya fitar da littafin da ya fara ɗaga sunansa, inda ya yi gargaɗi cewa manyan kamfanoni na kwasar irin shuka daga ƙasashe matalauta kyauta, su gyara shi, su yi masa rajista, sa'an nan su dawo su sayar wa waɗanda suka adana shi tun kaka da kakanni. Daga 1995 zuwa 1998 shi ne Babban Sakataren yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare nau'o'in halittu, kuma a zamaninsa ne aka fara tattauna ƙa'idojin da suka zama Yarjejeniyar Cartagena ta 2000, wadda dokar Nijeriya ta 2015 ta dogara a kanta. Sauran rayuwarsa a Jami'ar Harvard ta Amurka ya yi ta, yana koyarwa yana kuma ba Tarayyar Afirka shawara, har Allah ya yi masa rasuwa ran 15 ga Disamba, 2017, yana da shekara 64.

TSORON HASARA

Littafinsa na 2016, wanda ya bi tarihin kusan shekara 600 na ƙin sababbin abubuwa, shi ne ya fi shafar halin da ake ciki. Abin da ya gano shi ne mutane ba safai suke ƙin abu don kawai sabo ne ba. Hasara suke hange, ko ta abinci, ko ta mulki, ko ta mutunci da al'ada, kuma ƙin yakan yi tsanani in suka ga riba za ta tafi ga 'yan kaɗan alhali haɗari kowa zai ɗauka. Ya kawo misalin gahawa, wadda gwamnan Makka ya hana a 1511, Sarkin Ingila Charles na Biyu shi ma ya yi shelar rufe gidajen shanta a 1675, ya janye kafin ranar ta cika. Dukansu an fake da wasu dalilai, amma abin da ya dami masu mulki shi ne taron mutane masu hira kan siyasa. A Daular Usmaniyya sai a 1727 aka ba Ibrahim Mutafarrika iznin kafa maɗaba'a a Santambul, da sharaɗin kada ya buga littattafan addini, kuma cikin dalilan jinkirin akwai dubban marubuta da kwafar littafi da hannu ne abincinsu. A Amurka masu kiwon shanu sun sa an ɗora haraji a 1886 kan man shafawa a burodi da ke gogayya da man shanu, wasu jihohi suka hana a sa masa launin rawaya, har Jihar Wisconsin ba ta soke tata dokar ba sai a 1967.

Amfanin wannan ga ma'aikacin Gwamnati a fili yake. In mai ƙin abu jahilci ne ke damunsa, maganinsa motar shela da takardun wayar da kai. In kuwa hasara yake hange, ko an shekara ana shela ba zai motsa ba, sai an zauna an yi maganar hasarar. Ma'aikatu da yawa sun saba da hanya ta farko domin ita ce mai sauƙin sa wa kuɗi a cikin kasafi.

Arewacin ƙasar nan ya biya kuɗin wannan darasi fiye da sau ɗaya. An gama Madatsar Ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, kuma ta fuskar injiniya ba a ce aikin ya gaza ba. Amma manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi ta jiran diyya, waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace shekara. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, aka yi hasarar rayuka, kuma adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen wurin suka faɗa sun sha bamban ƙwarai. A 2003 kuma wasu jihohi suka dakatar da riga-kafin shan inna, Jihar Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. A waje an kira abin jahilci. Amma masu binciken da suka shiga gidaje suka zauna da iyaye, irin su Maryam Yahya da Elisha Renne, sun ji wata magana dabam. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka mutu. Sa'an nan suna tambayar dalilin da ya sa ake bin su har ƙofar gida da ɗigon magani kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ya kama yaro sai an sayi magani a kemis. Sai da aka shigo da sarakuna da malamai, aka kuma haɗa riga-kafin da wasu magunguna da iyaye ke bukata, kana aka ci ƙarfin abin, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

Abin mamaki shi ne ita Samaru tana cikin wuraren da aka fara irin wannan bincike a duniya. Daga 1965 zuwa 1976 wani masanin tattalin arziki, David Norman, ya shugabanci sashen nazarin tattalin arzikin karkara a can. A lokacin malaman gona suna gaya wa manomi ya daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ya kuma shuka auduga da wuri. Manoma suka yi kunnen uwar shegu da shawarar, aka ce taurin kai ne. Norman da ma'aikatansa suka tare a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta kowace awa ta aiki da kowane dami da aka girbe. Lissafi ya nuna haɗa shuka ya fi ba da amfani a kan kowace eka, ya fi rage haɗari in damina ta yi gardama, kuma abin da ya fi ƙaranci a gidan manomi hannun yin noma ne a watannin Yuni da Yuli. Mutumin da bai gama noman hatsin da iyalinsa za su ci ba, ba zai bar shi ya tafi shukar auduga ba. Wannan aiki ya sake yadda cibiyoyin bincike na ƙasashe da yawa ke tsara gwaje-gwajensu.

INDA SHI MA YA YI TUNTUƁE

Ba za a yi wa mai karatu adalci ba in aka nuna Juma kamar alƙali marar ɓangare. A ƙarshen rayuwarsa ya zama ɗaya daga cikin manyan masu goyon bayan irin da aka sauya wa halitta, yana ganin Afirka ba za ta ciyar da kanta ba in ta rufe wannan ƙofa. Masu sukarsa sun ce mutumin da ya yi gargaɗi kan kamfanonin iri a 1989 ya koma yana sassauta musu. A 2015 jaridar Boston Globe ta bayyana cewa wata maƙala da ya rubuta kan haɗarin ƙin wannan fasaha, wani jami'in kamfanin Monsanto ne ya ba da shawarar a rubuta ta, kuma ba a faɗi haka a jikin maƙalar ba. Juma ya ce bai karɓi ko kwabo ba, kuma ra'ayin nasa ne tun da daɗewa. Mai yiwuwa ne haka ɗin ne. Duk da haka jarin mai irin wannan aiki amana ce, kuma da zarar an ga inuwar kamfani a bayansa, maganarsa ta rage nauyi ko da gaskiya ce. Ita kanta Kenya ta hana shigo da irin wannan abinci a 2012, ta ɗage hanin a 2022, daga nan maganar ta koma kotu.

Har wa yau akwai inda ra'ayinsa bai isa ya bayyana abin da ya faru ba. Burkina Faso ta fara noman audugar da ke jure wa tsutsa a 2008, kafin 'yan shekaru ta mamaye fiye da rabin gonakin auduga na ƙasar, manoma da yawa suna son ta domin feshi ya ragu. A 2016 aka watsar da ita. Ba masu zanga-zanga suka kore ta ba. Kamfanonin gurzar auduga ne suka ga silinta ya gajarce, farashinta ya faɗi a kasuwar duniya. Manomi nauyi ake biyansa, kamfani kuwa inganci yake sayarwa, kuma da yake kamfanonin ne ke raba iri, su suka kawo ta, su suka ɗauke ta. Wani lokaci ashe ƙin sabon abu yana da hujjar da za a iya aunawa a kan sikeli.

In aka dawo kan wake da masarar Samaru da wannan ido, za a ga tambayoyin da ke gaban manomi ba su ne ake ta jayayya a kansu a Abuja ba. Ta fuskar lafiya, manyan ƙungiyoyin masana kimiyya na duniya ba su sami shaidar cewa irin da aka riga aka amince da su sun fi sauran cutarwa ba, kuma masu binciken waken sun ce yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu a damina. Amma babban abin da manomi ke tsoro shi ne a raba shi da irin da yake ajiyewa a rumbu. A nan an cakuɗa abubuwa biyu. Waken SAMPEA 20-T ana iya ajiye shi a sake shukawa kamar kowane wake. Masarar TELA kuwa mai aure ce, kuma duk masara mai aure, ko an sauya mata halitta ko ba a sauya ba, amfaninta kan ragu in an sake shuka 'ya'yanta, saboda haka sai an sayi sabon iri kowace shekara. Manomin da aka gaya wa cewa ba abin da zai canja, sa'an nan ya ga gonarsa ta ja baya a shekara ta biyu, zai gaskata duk jita-jitar da ya taɓa ji. Nawa ne kuɗin irin in an kwatanta da kuɗin feshin da ya ragu? Kamfanoni nawa ke da iznin sayar da shi, kuma wa zai hana jabu shiga kasuwa? Tsutsar za ta saba da shi bayan wasu shekaru, kamar yadda ya faru da audugar Indiya, kuma wa ke sa ido? Waɗannan duk aikin bincike ne na shiga ƙauye, irin wanda aka yi a Ɗan Mahawayi.

Ba wai ƙasar nan ba ta da komai ba ne a wannan fage. An kafa Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1980, shekarar da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Legas cewa kowace ƙasa za ta kai ga kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikinta kan bincike, alkawarin da Nijeriya ba ta kusanci cikawa ba. An rubuta manufar kimiyya ta ƙasa a 1986, an sake ta sau da dama. Akwai kuma cibiyar NACETEM a Ile-Ife, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990 don horar da masu tsara manufofin fasaha. Sai dai tsarin karatu kansa yana toshe hanyar. Tun daga aji huɗu na sakandare ake raba yara, wasu ajin kimiyya wasu ajin adabi, har su gama jami'a ba su sake haɗuwa ba. Malamin jami'a mai digirin aikin gona da ya ɓata shekara biyu yana sauraren manoma kan abin da suke tsoro, zai iya tarar da kwamitin ƙarin girma yana tambayarsa ko wannan aikin sashensa ne. Masanin zaman jama'a kuwa da bai san bambancin iri mai aure da irin da aka sauya wa halitta ba, zai ƙara ruɗa mutane ne kawai.

Ga ɗalibin da ke sha'awar wannan hanya, abin da rayuwar Juma ta nuna shi ne ana bukatar ƙafa biyu: sanin kimiyyar sosai har masu ita su saurare shi, da sanin tarihi da tattalin arziki da harshen mutanen da abin zai shafa. Wuraren aikin suna nan, ko da ba a sa musu wannan suna ba, a sassan tsare-tsare na ma'aikatu, da kwamitocin majalisa, da hukumomi irin su NBMA da NAFDAC, da cibiyoyin bincike. Ga Babban Sakatare ko darakta kuwa, gyaran ba mai tsada ba ne. A cikin kuɗin kowane babban aiki, dam ne ko riga-kafi ko sabon iri, a ware wani kaso don binciken mutanen da zai shafa tun kafin a sa hannu a kwangila, a ba masu binciken da ba su cin albashin masu aikin, a kuma buga sakamakon kowa ya gani, tare da bayyana wanda ya biya kuɗin.

Akwai tambaya ɗaya da za a iya farawa da ita. Ƙa'idar ƙasar nan ta ce a sa alama a jikin abincin da aka sauya wa halitta domin mai saye ya zaɓa da kansa. An tsara wannan ne da tunanin kantin da ake sayar da kaya cikin fakiti. Waken Arewa kuwa a buhu yake zuwa Kasuwar Dawanau daga gonaki ɗari, a juye shi wuri ɗaya, a auna da tiya, wani ya tafi Legas, wani ya ƙetara iyaka, wani ya ƙare a kaskon mai ƙosai a bakin tasha. Tun da aka ƙaddamar da sayar da sabon waken a Kano a 2021, wannan ita ce hanyar da yake bi, kuma babu inda za a liƙa takarda a cikinta.